Ina zan samu cokali da kofin da Baba zai iya riƙewa da kansa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdulillah yana samun sauƙi, sai dai yatsunsa na dama ba sa damƙewa sosai. Da hagu kuwa ya ce sam ba zai ci ba, kun dai san dattawanmu. In an zo ba shi a baki sai ya ce ya ƙoshi, alhali bai ci komai ba.

Na naɗe mariƙin cokalinsa da robar tayar keke ya yi kauri, yanzu yana iya riƙewa, amma kafin ya kai baki rabin shinkafar ta zube. Kwanon ma zamewa yake a kan tire. Koko da shayi su ne babbar matsalar, kofi mai hannu ɗaya juyewa yake, ga zafi.

Mai yi masa gashi ta ce akwai cokali mai lanƙwasa da ake ɗaurawa a tafin hannu, da kofi mai hannu biyu da murfi. Na duba shagunan magani a Sabon Gari ban samu ba. A Kano ina ake sayar da su? Ko maƙeri zai iya lanƙwasa mana na gida? Wanda ya taɓa jinyar irin wannan, don Allah ya taimaka.