Muhawara: Shin dogaro da cewa amsar sudoku ɗaya ce tak hujja ce, ko kuwa zato ne?

Malam Garba, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina da magana a kan yadda Injiniya Bello ya kammala sudokun da muka ɗauka ranar Asabar, wato wasan cike allo mai gurabu 81 da lambobi 1 zuwa 9, kuma ina roƙon mu tattauna ta da natsuwa. Ga inda aka tsaya, saboda wanda takardarsa ba ta kusa. Gurabu huɗu ne suka yi kusurwa huɗu, a mahaɗar layin kwance na 1 da na 3 da layin tsaye na 2 da na 7. Uku daga cikinsu ba za su ɗauki komai ba sai 4 ko 9, na huɗun kuwa, wato kwance 3 tsaye 7, zai iya ɗaukar 4 ko 9 ko 6. Injiniya ya rubuta 6, ya ce dalilinsa shi ne in aka sa 4 ko 9 a wurin, wasan zai zama mai amsa biyu. Matsayina shi ne wannan ba warwarewa ba ce. Dokokin sudoku uku ne: kada lamba ta maimaitu a layin kwance, kada ta maimaitu a layin tsaye, kada ta maimaitu a ɗakin gurabu tara. Injiniya bai nuna mana wadda 4 ko 9 ta karya daga cikinsu ba. Ya dogara ne da amanar wanda ya tsara wasan.

Injiniya Bello, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari in shimfiɗa dalilina filla-filla, domin ba cankar 6 na yi ba. A ce mun sa 4 a kwance 3 tsaye 7. Dole na samansa ya zama 9, kwance 1 tsaye 2 ya zama 4, kwance 3 tsaye 2 ya zama 9. To, yanzu a musanya su, kowace 4 ta koma 9, kowace 9 ta koma 4. Kowane layin kwance yana nan da 4 ɗaya da 9 ɗaya, haka kowane layin tsaye, haka kuma ɗakunan, domin gurabun huɗu a cikin ɗakuna biyu kawai suke, bibbiyu. Babu abin da ya motsa a sauran gurabu 77. Ke nan in har ɗayan tsarin ya yi daidai, ɗayan ma ya yi, amsa ta zama biyu. Tunda kuwa sudoku na gaskiya amsarsa ɗaya ce, ba 4 ba ce, ba kuma 9 ba ce. Kowane mataki a nan hujja ce, Malam.

Malam Garba:
Kowane mataki hujja ne, ban da na ƙarshe. Kalmar "tunda" ɗin nan ita ce abin da nake ƙorafi a kai, domin ba daga cikin allon ka samo ta ba, daga waje ka shigo da ita. Kamar alƙali ne da ya yanke hukunci bisa cewa mai ƙara mutumin kirki ne wanda ba ya ƙarya, bai saurari shaidu ba. Hukuncin yana iya dacewa da gaskiya, amma shari'ar ba ta cika ba.

Hajiya Rabi, Rikkos:
Malam, da girmamawa, ni ina ganin dokokin huɗu ne, ta huɗun ba a faye rubuta ta a ƙasan takarda ba ne kawai saboda kowa ya san da ita. Tun da mujallar Dell ta Amurka ta fara buga wannan wasa a 1979, kamfanin Nikoli ya kai shi Japan a 1984 ya ba shi sunan da muka sani, har jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a 2004, abin da mai karatu yake tsammani shi ne amsa guda, wadda za a buga masa daga baya ya duba aikinsa da ita. Kuma masana lissafi da kansu haka suka ɗauki lamarin. Lokacin da Gary McGuire na jami'ar University College Dublin da abokan aikinsa suka sanar a 2012 cewa babu sudoku mai lambobin farko 16, wato waɗanda ake bayarwa a kan allon tun farko, mafi ƙaranci 17 ne, ai ba cewa suke yi ba za a iya cike allo mai lambobi 16 ba. Ana iya cike shi, har ta hanyoyi da yawa. Abin da suka tabbatar, bayan kwamfutoci sun kwashe kusan shekara guda suna bincike, shi ne ba zai taɓa zama mai amsa ɗaya ba, don haka ba a lissafa shi cikin sudoku. In amsa ɗaya tana cikin ma'anar wasan, me ya sa za a hana ni aiki da ita?

Nura, Gangare:
Ina tare da Baba Malam a rabin maganar, Hajiya. Na taɓa sayen wani ƙaramin littafin sudoku a wajen masu sayar da jarida a Taminus, na shigar da wasu daga cikin wasanninsa a manhajar da na rubuta, sai na tarar akwai masu amsa fiye da ɗaya. Lamba ɗaya tak in ta faɗi wajen ɗab'i ta isa ta jawo haka. A irin wannan allo dabarar Injiniya tana iya yin ɓarna, domin mai yiwuwa ne amsoshin da suke akwai su ne ainihin biyun nan na 4 da 9, shi kuma ya kore su duka ya rubuta 6, sai can gaba allon ya cije ba tare da ya san inda matsalar ta faro ba. Wanda ya tsaya kan dokoki uku kuwa zai iso wurin ya ga babu abin da ke rarrabe tsakanin 4 da 9, ya gane laifin na mai bugawa ne. Akwai ma gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi kafin ya ɗauki fensir: in lambobi biyu daga cikin tara ba su bayyana ko sau ɗaya a lambobin farko ba, wasan ba zai zama mai amsa ɗaya ba, domin ana iya musanya su a ko'ina.

Injiniya Bello:
Wannan hujja ce a kan littafin, ba a kan dabarar ba. Kuma ka lura, Nura, gwajin naka da musanya ya yi aiki, irin musanyar da na yi. Abin da zan ƙara saboda masu koyo shi ne sharuɗɗa biyu: gurabun su kasance cikin ɗakuna biyu, kada su bazu a huɗu, sannan kada ɗayansu ya kasance cikin lambobin da aka bayar tun farko.

Sadiya, Naraguta:
Baba, ina da tambaya, kuma don in fahimta nake yi. Kai ne ka koya mana dabarar giciye: in 7 ba ta da wurin zama a layin kwance na 2 sai tsaye 3 da tsaye 8, haka kuma a layin kwance na 6, to sai a share 7 daga sauran gurabun waɗannan layukan tsaye biyu. Dalilin da ka ba mu shi ne, in ta zauna a hagu a sama dole ta zauna a dama a ƙasa, in ta zauna a dama a sama dole ta zauna a hagu a ƙasa. Ashe wannan ma "a ce" ne. Sarƙoƙin da kake bi kuwa, wani lokaci mataki bakwai ko takwas kake ƙaddarawa kafin ka share lamba ɗaya. Me ya sa ƙaddarawarka ta zama hujja, ta Injiniya kuma ta zama zato?

Malam Garba:
Tambayarki ta yi kyau, 'yata, kuma a nan ne mutane da yawa suke haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Ƙaddara abu domin a ga inda zai kai, har ya kai ga abin da ba zai yiwu ba, tsohuwar hanya ce a lissafi. Da ita tsoffin Girkawa suka tabbatar cewa babu wata lamba bisa lamba da za a ninka ta da kanta a samu 2 daidai. Ban taɓa ƙin "a ce" ba. Abin dubawa shi ne me ya rushe ƙaddarawar a ƙarshe. Tawa, doka ce ke rushe ta, lamba ta maimaitu inda ba a yarda ba. Ta Injiniya kuwa, babu dokar da ta karye a gabansa, amsa biyu kawai ya hango ya guje musu.

Domin kada maganar ta tsaya a baki, na koma kan allon. Ku dubi waɗannan gurabu uku: kwance 7 tsaye 4 yana da 2 ko 5, kwance 3 tsaye 4 yana da 2 ko 4, kwance 7 tsaye 7 yana da 4 ko 5. In na farkon ya zama 2, na biyun ya zama 4, kuma layin kwance ɗaya yake da gurbin da muke jayayya a kai. In ya zama 5, na ukun ya zama 4, shi kuma layin tsaye ɗaya suke. Ko ta ina aka bi, 4 ta fita daga kwance 3 tsaye 7. Saura 9. A ce ita ce. Kwance 1 tsaye 7 ya zama 4, kwance 3 tsaye 2 ya zama 4, wannan ya tilasta kwance 3 tsaye 4 ya zama 2, na ƙasansa a kwance 7 ya zama 5, sai kwance 7 tsaye 7 ya zama 4. Ga 4 biyu ke nan a layin tsaye na 7. Doka ta karye, 9 ta fita, 6 ta zauna. Irin wannan hanya kuwa dole ne a same ta a kowane sudoku mai amsa ɗaya, komai tsawonta, domin in 6 ce kaɗai daidai, to 4 da 9 suna karo da doka a wani wuri. Wanda ya bi ta har ƙarshe ya samu amsar, ya kuma tabbatar da kansa cewa babu wata. Wanda ya tsallake ta ya samu amsar kawai.

Hajiya Rabi:
Na bi sarƙar da fensir, Malam, kuma ta yi daidai. Amma ina da abu biyu. Na farko, ba kowa ne ya zauna don ya binciki aikin mai tsara wasa ba. A gasa, irin ta duniya da aka fara a birnin Lucca na Italiya a 2006, da agogo ake auna mutum, allon da aka cike daidai ake dubawa, ba a tambayar hanyar da ya bi. Na biyun ya fi damuna: ka je ka nemo wannan sarƙa ne bayan Injiniya ya riga ya gaya maka 6 ce. Ka san lambobin da kake son korewa, ka san gurbin da za ka sa wa ido. Da ba don kusurwa huɗun nan ta nuna maka wurin ba, cikin gurabu talatin da wani abu da suka rage, ta yaya za ka san a nan za ka fara?

Malam Garba:
Na yarda ita ta nuna mini wurin, Hajiya, kuma ban ga aibi a yi amfani da ita a matsayin manuniya ba. Inda na tsaya shi ne, ba zan ɗauki biro in rubuta lamba ba sai na ga dokar da ta kori sauran.

Injiniya Bello:
To, Malam, ai ka karɓi dabarar ke nan ta bayan gida. Kuma akwai allunan da sarƙarsu ba mataki biyar ba ce. Akwai yanayin da duk gurabun da suka rage suna da lambobi bibbiyu, in ban da guda ɗaya mai uku. A nan lambar da ta bayyana sau uku a layinsa ita ce amsar, kuma dalilin duk ɗaya ne da nawa. Mutum yana ganin haka cikin ɗan lokaci, alhali neman sarƙar na iya cinye masa dare. Ni ba zan ce wa mai koyo ya rufe ido daga abin da yake gani ƙarara ba.

Sadiya:
Baba, Injiniya, na ci gaba da bin gurabun ukun nan, kuma na ga wani abu da ba a ambata ba. Bayan an sa 6, kusurwoyi ukun da suka rage har yanzu 4 ko 9 ne, dabarar amsa ɗaya ba ta ce komai a kansu ba. Amma in kwance 1 tsaye 7 ya zama 4, to kwance 7 tsaye 7 ya zama 5, kwance 7 tsaye 4 ya zama 2, kwance 3 tsaye 4 ya zama 4. A ɗaya gefen kuma kwance 1 tsaye 2 ya zama 9, na ƙasansa ya zama 4, ga 4 biyu a layin kwance na 3. Ke nan kwance 1 tsaye 7 dole 9 ne, kwance 1 tsaye 2 kuma 4, kwance 3 tsaye 2 ya zama 9. Injiniya, a takardarka na ga ka rubuta waɗannan ukun daidai, sai dai ba ka nuna hanyar ba. Ta nan ka biyo, ko akwai wata da ta fi wannan gajarta?