Baba ya ce a bar shi ɗakinsa, Yaya ya ƙi: ku da kuka ga irin wannan, yaya kuka yi?

Uwar Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ana yi wa mahaifinmu wankin ƙoda, sau biyu a mako. In aka dawo da shi, ko kofin ruwa ba ya iya ɗagawa sai washegari. Jiya bayan la'asar ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗiyata, ki faɗa wa yayanki na gaji, a bar ni ɗakina." Yaya ya ce ko gonar Kware za a sayar, sai an ci gaba. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce wankin ba ya warkar da ƙoda, aikinta kawai yake karɓa, in an daina kuma bai fi kwanaki ko 'yan makonni ba. Na rasa bayan wa zan bi.

Bawan Allah, Wurno:
Allah shi ba shi sauƙi. Mu innarmu ce, shanyewar ɓarin jiki. Da tac ce gida take so, munka sa hannu ga takarda munka maido ta. Kuskurenmu ɗaya, ba mu tambayi nas yadda ake jinyar mai kwanciya ba. Ashe duk awa biyu ake juya mutum. Kafin mu farga bayanta ya yi gyambo. In kun yanke shawarar gida, ku karɓi maganin zafin ciwo, ku koyi juyi tun kuna asibiti. Ta cika bayan asuba, ƙanwata na laƙƙana mata kalmar shahada.

Malama, Runjin Sambo:
Maigidana haɗarin mota ya yi, kwana shida na'ura ce ke yi masa numfashi. Likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ta riga ta mutu. Wansa ya je wajen wani malami, malamin ya ce majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta halatta cire na'ura idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba dawowa. Hukuncin ban ja da shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai, maza suka gama magana a baranda, ni da na yi shekara 14 da shi ina zaune kan tabarma da fulas ɗin kunu, ba wanda ya ce mini uffan. Wata huɗu da kwana goma na takaba, kullum wannan nake juyawa. Don Allah ku sa mahaifiyarku cikin maganar.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa:
Ƙanwata, kada ki ga laifin yayanki. Ni ma na sayar da shagona saboda tsohona, ya rasu duk da haka, kuma har gobe ban yi nadama ba. Babban ɗa tsoro yake ji a ce ya ƙyale ubansa don kuɗi.

Uwar Biyu, Mabera:
Na gode, Allah ya jiƙan naku. Na kira Kawu, shi kaɗai Yaya ke jin nauyi. Daren jiya muka zauna gaban gadon Baba har da Inna, ya maimaita da bakinsa, ya kuma faɗi bashin da ake bin sa. Yaya bai ce komai ba, ya fita waje ya daɗe. Gobe za mu koma wurin likita mu huɗu.