Ɗana ya jefi tsohuwa wai mayya ce, ku ya kuke yi wa naku yaran bayani?

Uwar yara uku, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nike nema. Jiya ɗana mai shekara 8 ya dawo daga islamiyya yana haki, wai sun biyo wata tsohuwa mai saida daddawa a bayan layinmu suna mata "kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa", wasu har da jifa. Na ce kai ma ka jefa? Ya sunkuyar da kai. Wallahi jikina ya yi sanyi, don matar nan tun ina amarya nike sayen daddawa wurinta. Da na matsa mashi sai ya ce ai kowa ya san ita ta kama yarinyar maƙwabtanmu da ta rasu da damina. Ban doke shi ba, don na san ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, a bakin manya ya ji ta, ƙila ma a tsakar gidana. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mani yadda ya yi.

Nas, Katsina:
Wa alaikumus salam Maman yara. Kin ce da damina ta rasu ko? Mu a asibiti daga Agusta zuwa Oktoba gadajen yara cika suke da masu maleriya, kuma idan ta taɓa ƙwaƙwalwa yaro zai yi ta fizge-fizge yana sambatu, idonshi ya kakkafe, ya ambaci sunan duk wanda ya saba gani. To wa ya saba gani? Maƙwabciya, kishiyar uwa, tsohuwar da ke ba shi alewa. Shi kenan an ce ya kama suna. Na ga yaron da aka yi kwana biyu ana mashi turare ana neman wadda za ta tsallaka shi, da aka kawo shi jininshi ya riga ya ƙone. Haka masu sikila da masu farfaɗiya. Ni yarana na zaunar da su na tuna masu ranar da ƙaninsu ya yi zazzaɓi yana kiran sunan malamarsu, na ce to ita ma mayya ce? Suka yi dariya, daga nan suka gane.

Jikar tsohuwa, wajen Daura:
Ni kam abin a gidanmu ya faru, har yanzu in na tuna sai na yi hawaye. Ina aji huɗu a firamare lokacin. Kakata ta wajen uwa tsufa ya fara ruɗa ta, takan fita da daddare tana neman awakinta da aka saida tun shekaru, wani lokaci ba ko mayafi. Sai wani yaro ya kwanta ciwo, aka je wurin boka ya ce wata tsohuwa ce mai yawon dare. Da hantsi suka cika ƙofar gidanmu, aka fito da ita tana riƙe da ƙwaryar furarta, ita ba ta ma san mi ake yi ba, tana ta gaida mutane tana tambayar lafiyar iyayensu da suka daɗe da mutuwa. Aka tilasta mata tsallaka yaron sau uku, wani ya fizge mata zane. Abin da ya fi tsaya mani a rai, waɗanda suka fara jifa 'yan ajinmu ne, har da ƙawata da muke cin ɗanwake tare a lokacin tara. Yaron ya rasu bayan kwana biyu duk da tsallakar, amma ba wanda ya dawo ya ce Iya yi haƙuri. Daga nan ni ma na zama jikar mayya, ba mai zama benci ɗaya da ni, aka daina sayen ƙosan innata, sai da muka tashi daga garin. Yayata ma auren da aka sa mata rana ya watse saboda wai abin gado ne, ana sha a nono. Yanzu da na girma na san ciwon mantuwa ne na tsofaffi ya kama ta. 'Ya'yana duk na ba su labarin nan da sunanta, na nuna masu hotonta, don su san wadda ake jifa kakar wani ce.

Wani ɗan uwa:
Allah ya jiƙanta. Amma fa kar mu ce wa yara babu sihiri, akwai shi, kuma kambun baka gaskiya ne.

Malamin islamiyya, Ƙofar Ƙaura:
Ɗan uwa ba wanda ya ce a ƙaryata abin da addini ya tabbatar. Tambayar ita ce wa ya ba ka ilimin cewa wance ce? Boka? Ai hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarshi ba ta kwana arba'in. Ni a ajina Suratul Hujurat nike amfani da ita, aya ta 6 kan bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, da aya ta 12 kan nisantar zato. Nakan ce masu in kun ji tsoro ku karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, wannan aka koya mana, ba a koya mana ɗaukar dutse ba. Kuma na hana waƙar kurwata kur a harabar makaranta, wanda na kama sai ya zo da babanshi.

Ɗalibar lauya:
Ƙari kan bayanin Malam, mutane da yawa ba su san cewa a dokar Penal Code, wato dokar hukunta laifuka da Arewa ta gada, zargin mutum da maita shi kanshi laifi ne, balle duka ko kisa. Kuma matsalar ba tamu kaɗai ba ce, a Akwa Ibom yara ake laƙaba wa har sai da jihar ta yi doka a 2008, sannan a 2021 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutar da mutane da sunan zargin maita. Ƙannena na ce masu in sun ga an taru kan wani kar su tsaya kallo ko ɗaukar bidiyo a waya, su ruga su faɗa wa Baba ko mai unguwa.

Uwar yara uku, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. 'Yar uwa ta Daura, labarinki na karanta mashi da bakina, ya yi tsit, can ya ce Umma ita ma mai daddawar tana da jikoki? Yau da la'asar na riƙe hannunshi muka je gidanta. Akwai ƙulu a goshinta, ta ɗaure da ɗankwali. Ya durƙusa ya ce Iya ki yafe mani, ta ce ba komai ɗan nan, ta ƙulla mashi daddawa ta ce ya kai wa uwarshi. Na biya ta ƙi karɓa. Saura sauran iyayen layin, su ne ban san ta inda zan fara ba, musamman uwar yarinyar da ta rasu don har yanzu tana cikin zafi. Malam ko za ka samu lokaci ranar Alhamis in haɗa ka da maigidana ku je wurin mai unguwa tare?