Kotu ba ta san amana ba?

Bashiru Asawase: Raina a ɓace yake. 'Yan kasuwarmu na Alabar da Kejetia a nan Kumasi suna ba da bashin kayan sidi 20,000 babu ko guntun takarda, in mutum ya ƙi biya a dawo ana kukan an ci amana. Kotu ba ta san amana ba. Cinikin baki ba ciniki ba ne.

Hajiya Rabi Aboabo: Ɗana, bi kalmar nan a hankali. Da amana kakanninku suka kai goro har Kano.

Malam Sani: Hajiya, bashi daban, amana daban. Amana ajiya ce: ta salwanta ba da sakaci ba, babu biya. Bashi kuwa ko gobara ta cinye kayan sai an biya. Shi ya sa aya ta 282 a Baƙara ta ce a rubuta, a kafa shaidu.

Hajiya Rabi: Malam, a kasuwa duk wanda ka ba kaya ka ba shi amana.

Zulai ta jami'ar Legon, Akara: Yaya Bashiru, ka koma Dokar Kwangila ta Ghana ta 1960. Sashe na 11 ya ce rashin rubutu kaɗai ba ya rushe yarjejeniya. Wahalar tana wajen hujja: shaidu, rasit, saƙon MoMo na tura kuɗi ta waya. Lamuni, wato tsaya wa mai bashi, shi ne sashe na 14 ya soke in babu rubutu da sa hannun mai tsayawa, sai in an ƙulla shi yadda al'ada ta tanada. Ƙarar bashi kuma wa'adin shekara 6 gare ta, in ji dokar wa'adin ƙara ta 1972.

Bashiru: Ku 'yan Legon hadda kawai kuka iya.

Zulai: Kawo sashen da aka koya maka a Tek, jami'arku ta Kumasi.

Awudu, mai kula da zaure: 'Yar Akara ba za ta koya mana kasuwar Kumasi ba.

Malam Sani: Ga abin da har yanzu ba wanda ya amsa: mai karɓar kaya ya sayar ya kawo kuɗi, amini ne ko mai bashi? In wakili ne, kayan na mai su ne. In saye ya yi, asarar tasa ce.

Hajiya Rabi: Amini ne!

Awudu, mai kula da zaure: A taƙaice, Bashiru ne da gaskiya a kan muhimmancin takarda, Malam ma ya kawo aya a kan rubutu. Sassan Zulai sai mun tambayi malamanmu na Tek. Na rufe.