Farautar sanɗa a farkon lokacin barewa mai farar wutsiya

Baƙon Wiskonsin: Assalamu alaikum. A nan jihar Wiskonsin ta Amurka ana buɗe farautar barewa da kwari da baka a tsakiyar watan Satumba, kuma galibin mafarauta suna hawa bishiya ne su yi dako. Ni kuwa sanɗa nake sha'awa, wato in bi dajin a ƙasa sannu a hankali har in isa kusa da dabbar. Shin hakan na yiwuwa alhali ganye bai zube ba, ko kuwa in haƙura sai Nuwamba?

Tsohon Maharbi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana yiwuwa ƙwarai, kuma ganyen da kake tsoro yana ɓoye ka kamar yadda yake ɓoye barewar. Abin da ke ɓata wa mutane sanɗa shi ne gaggawa. Ka yi taku biyu ko uku, ka tsaya a jikin bishiya na wasu mintuna, ka bar ido ya yi aiki, domin ba za ka ga dabbar gaba ɗayanta ba, sai dai kunne ya motsa, ko wutsiya ta kaɗa tana korar ƙuda, ko ka hangi miƙaƙƙen layin bayanta a tsakanin ciyayi. Iska kuma ta riƙa bugun fuskarka koyaushe, saboda hancinta ya fi idonta sharri. A wuri mai tudu, iska takan hau sama idan rana ta ɗumama ƙasa, ta gangaro kwari da yamma, don haka da hantsi ka bi ta saman tudu. Ranar da aka yi yayyafi ita ce ranarka, don ganyen da ya jiƙe ba ya ƙara a ƙarƙashin takalmi.

Na Mishigan: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ina ganin sanin wurin kiwo ya fi komai a wannan lokaci. Barbara ba ta kankama sai Nuwamba, saboda haka a Satumba mazan suna yawo tare, ba su da wata damuwa sai ciki. Ka nemi farin itacen ok (wata babbar bishiyar daji) da ke zubar da 'ya'ya, domin sun fi son su a kan na jan ok masu ɗaci, kuma ɗanyen kashi da ɓawon da aka tauna a gindinsa za su nuna maka ko suna zuwa. Mu a jihar Mishigan sai 1 ga Oktoba ake buɗe mana, lokacin da waken soya ya yi rawaya suka fara ƙaurace masa.

Tsohon Maharbi: Na ƙara da maganar zafi, wadda take damuna ƙwarai. Naman Satumba yana saurin lalacewa, don haka ka tanadi ƙanƙara a mota, ka farke cikin barewar da zarar ka same ta. Ka ambaci sunan Allah yayin sakin kibiya, idan kuma ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. Ka kuma duba jikinka da kyau idan ka koma gida, domin kaskar dazuzzukan Wiskonsin tana ɗauke da cutar Laim.