Wace kalma za mu ba "bewray" a Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ina cikin aikin fassara na ci karo da wata tsohuwar kalmar Turanci, bewray, wadda su kansu Turawan sun daina amfani da ita. Da farko na ɗauka betray ce aka yi tuntuɓen alƙalami, har na rubuta "cin amana". Ashe ko dangin nesa ba su haɗa ba.

Betray ta biyo ta Faransanci ne daga Latin, tradere, wato miƙa mutum ga abokan gaba. Ita kuwa bewray 'yar gida ce. Tushenta wregan a tsohon Ingilishi, ma'anarsa tuhuma ko kai ƙarar mutum, kuma 'yar'uwarta na nan da rai a Jamusanci, rügen, tsawatarwa. Daga kai ƙara ma'anar ta gangaro zuwa fito da abin da aka ɓoye.

Inda aka fi saninta shi ne fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, Matiyu 26:73. Bitrus, almajirin Yesu, na tsaye a farfajiya bayan an kama Yesu yana musun cewa ya san shi, sai na kusa da shi suka ce ai maganarsa ta yi masa bewray, don karin harshensa na mutanen Galili ne. Ku lura, babu wanda ya kai tsegumi. Bakinsa ne kawai. Kamar Basakkwace ya shigo Kantin Kwari ya ce shi ɗan Fagge ne, yana buɗe baki ya ce "mi kaka hwaɗi?", shi ke nan magana ta ƙare.

To a nan kalmominmu suka fara zubewa. Wani ya ce fallasa. Fallasa tana da nufi, mai yin ta so yake ya ga ka kunyata, harshen Bitrus kuwa bai ƙulle shi da komai ba. Kwarmato ya cika hayaniya. Fasa ƙwai na mai labari ne da ya gaji da riƙo. Suɓul da baka ta matso kusa, sai dai ita kalma ce ke kuɓucewa, alhali a nan ko tafiyar mutum ko rawar muryarsa na iya yin aikin.

Ni dai na tsaya a kan tona, ba sai an jingina mata "asiri" kullum ba: harshenka ya tona ka, idonta ya tona ta. Tana ɗaukar mai nufi da marar nufi, ga kuma karin maganar kazar da garin tone-tone ta tono wuƙar yankanta. Abin da ta rasa kawai shi ne ƙanshin tsufa, don kalmar Turancin ta kwanta dama, tamu kuwa ko yau da safe na ji ta a bakin mai shayi. In akwai dattijon da ya san wadda kakanninmu ke faɗa kafin ta ɓace, Allah ya ja zamaninsa, a kawo mana.