Neman kalma: macen tsiro da ta barbari kanta, me za mu ce mata?

Jama'a, ku taimaka. Ina fassara wani rubutu kan ilimin tsirrai, na zo kan kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: "sex reversal", "selfing" da "feminized seed". A kan tabar wiwi aka yi rubutun, a ƙasashen da doka ta yarda a noma ta, irin Kanada tun 2018. Mu nan haramun ce, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, na nan tun 1989, don haka kada wani ya tambaye ni yadda ake yi. Kalma nake nema.

Ga yadda abin yake. Wiwi kamar dabino take: namiji daban, mace daban. Macen na ɗauke da ƙwayar gado XX, namijin XY, kamar dai mutane. A 1982 masana biyu a Jami'ar Delhi ta Indiya, Mohan Ram da Sett, suka nuna cewa wasu sinadarai masu azurfa na sa macen ta fitar da furen namiji. Azurfar kan toshe aikin etilin, sinadarin da ke jan tsiron zuwa furen mace. Amma ƙwayar gadonta ba ta sauya ba, tana nan XX ɗinta. Garin da furen ya zubar ba Y a cikinsa, shi ya sa irin da aka samu kusan duk mata ne.

Amsa ta farko da ta shigo kan "sex reversal", wato wannan sa macen ta fitar da furen namiji: "mata-maza". Na yi kwana guda ina juya ta, don tana da daɗin faɗa. Sai dai mata-maza haka aka halicce shi. Wannan kuwa mace ce tsantsa da aka tilasta wa aikin da ba nata ba. In muka ba ta wannan suna, me za mu kira gwandar da ke da sassan biyu a fure ɗaya tun asali? Ita ce mai sunan. Wanda ya rubuto "ɗan daudun tsiro" kuma, Allah ya shirye ka, ba zan sa wannan a rubutun da ɗalibai za su karanta ba.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce "juyin jinsi". Yaya, ba ki yi kuskure ba, haka Turancin ya ce. Matsalar ita ce Turancin ma ya yi zuƙu. Mai karatu zai ɗauka macen ta koma namiji, sai ya rasa dalilin da 'ya'yan suka fito mata zalla. Ni na fi son "aron fure": mace mai aron furen namiji. Kayan aro ba ya mayar da kai mai shi, kowane Bahaushe ya san wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Inda na ji daɗi shi ne kan garin furen kansa. Na rubuta "ƙurar fure", na karanta wa kawuna a waya, sai ya yi dariya. Ya ce, "Kai yaro, bununi ne ba ka sani ba?" Wallahi na sani, makaranta ce ta mantar da ni. Duk wanda ya ratsa gonar gero da sassafe lokacin da zangarniya ta yi bununi, ya fito kafaɗarsa da hularsa sun yi ɗorawa-ɗorawa, ya san abin. Kalmar na nan a bakin manoma tun kaka da kakanni, mu muna ta ƙirƙiro wata. Na goge ƙurar fure nan take.

Saura barbara. Wani malami ya ce ta dabbobi ce, a bar wa awaki da shanu. Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Masu dabino a wajajen Dutse kan hau su yanko reshen furen namiji, su cusa shi cikin na macen, su ɗaure. In ba barbara ba ce wannan, mece ce? Saboda haka "selfing" ta zama "barbarar kai". Kuma ba wiwi kaɗai za ta yi wa aiki ba. Gyaɗa da wake barbarar kai suke yi da kansu, galibi kafin ma furen ya gama buɗewa. Masara kuwa iska ke ɗauko mata bununi daga maƙwabta zuwa gemunta.

An kuma ce "auren zumunci". Wannan zan ajiye ta, don tana da wurin zama: barbara tsakanin tsirran da suke dangi. Barbarar kai ta wuce nan, uwa da uba tsiro ɗaya ne. Kowane zagaye yana rage bambancin ƙwayoyin gado da rabi, lahanin da ke ɓoye ya fito fili, a tsirrai irin wiwi da masara jikoki su taso ba ƙarfi. Ku lura kuma, ba duk irin mata ne ke fitowa daga barbarar kai ba. Ana iya kai bununin mace mai aron fure kan wata macen daban, 'ya'yan su fito mata, alhali ba kanta ta barbara ba. Turancin ma mutane na cakuɗa biyun.

Ta ukun ce, "feminized seed", wato irin da ke fitowa mata zalla, har yanzu ban gamsu ba. "Irin mata" na iya nufin nau'in mata, wani ma zai yi zaton zancen aure ake. "Iri zallan mata" ya fi fita, amma yana da nauyi a baki. A yanzu ga jimlar da na rubuta: "An sa macen ta yi aron fure, aka yi mata barbarar kai da bununinta, aka samu iri zallan mata."

Mai gajeriyar kalmar da ta fi "iri zallan mata" ya kawo kafin Alhamis, ranar zan miƙa aikin.